Tafiyata Abzin da Uwar Mijina

Yau ba zancen girki ko na kwalliya na zo muku da shi ba. Labarin wata doguwar tafiya ce da na yi ba da son raina ba, na tafi ina kumbure-kumbure, na dawo kaina a sunkuye. Na daɗe ina jin nauyin rubuta shi domin kuwa ba ni ce mai gaskiya a cikinsa ba, to amma masu iya magana sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma wanda ya ɓoye ciwonsa ya ɓoye maganinsa.

Shekarata 14 a gidan mijina lokacin da abin ya faru, kuma duk shekarun nan gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, wadda muke kira Hajiya. Ba'abziniya ce, doguwa, siririya, ba ta da yawan magana, Hausarta ma har ta bar duniya ba ta gama miƙewa ba. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa leƙa tukunyata ba, ba ta taɓa shiga tsakanina da ɗanta ba. Abu ɗaya ne ya haɗa mu, shi ne ruwa.

Ke 'yar uwa, in na buɗe famfo ina wanke-wanke, sai in ji takun Hajiya a bayana ta zo ta murɗe shi. In na gama wanki zan kwarar da ruwan ɗauraya, sai ta ce a'a, a kai bayi. Ruwan da aka wanke shinkafa ba a zubarwa, na akuya ne. In yara suka sha suka rage a kofi, sai ta juye a butarta. Ranar da aka kawo ruwan famfo cikin dare ita ce farkon tashi, sai ta cika randa da bokiti da tukwane har da kwanon sha, tsakar gida ya koma kamar kasuwar 'yan garuwa. In na yi baƙi suka yi alwala, tana zaune tana kallon butar kamar ana zubar da zinariya. Kunya ta ishe ni. Ƙawayena har suna suka sa mata, wai Sarkin Ruwa. Ni kuwa a raina na gama yanke hukunci cewa rowa ce da ƙiyayya, tana neman abin da za ta muzanta ni da shi ne kawai.

A ƙarshen shekarar 2018 tura ta kai bango. Na sami maigidan na ce masa ko dai ya kama mini haya in fita, ko kuma in tafi gidanmu sai ya zaɓa. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce, "Maman Ummi, Hajiya ta roƙe ni in kai ta garinsu ta gani tun tana da sauran ƙarfi. Rabonta da can shekara 45. Ba ta da 'ya mace da za ta kula da ita a hanya. Ki raka ta, in mun dawo duk abin da kika ce shi za a yi." Na ce to, amma ba don Allah na ce ba, don gidan hayar na ce.

Maigidana fatauci yake yi, yana sarin turkuɗi a Kura da takalma a Kano yana aikawa Agadas, saboda haka hanyar ba baƙuwarsa ba ce. Ya ari mota Hilux wajen abokin cinikinsa, ƙaninsa ya zama direba. A watan Janairu na 2019, ana tsakiyar hunturu, muka ɗaura kaya: buhun gero, dambun nama, kilishi, garin kwaki, barguna, da jarkokin ruwa uku da Hajiya ta tsaya a kai sai da aka cika su har baki. Mu biyar ne, da 'yata Ummi mai sunan Hajiya, tana da shekara 12.

Mun bar Kano da asuba, muka bi ta Katsina da Jibiya, muka gama da masu duba takardu a kan iyaka, la'asar ta yi mana a Maraɗi. Har nan dai ban ga wani bambanci ba, Hausa ce ake yi, tuwo ne ake ci, sai dai kuɗin ya koma sefa, in ka ce naira a yi maka dariya. Kashegari muka miƙi arewa zuwa Dakwaro. A nan na fara ganin ƙasa tana sauya kama. Gonakin gero suka yi ta raguwa, dogayen itatuwa suka ƙare, sai aduwa da magarya da ƙaya, sai garken shanu masu dogayen ƙahoni da raƙuma suna ratsa hanya ba ruwansu da mota.

Hanyar Agadas da kowa ya sani ba ta nan take ba, amma Hajiya ta kafe sai an bi da ita ta wani wuri wai shi Gadabeji. Maigidan ya tambaye ta dalili ta ce ita dai a kai ta. Na taɓe baki na ce a raina, ga shi nan an fara.

Gadabeji gandun daji ne na gwamnati, arewa da Dakwaro, a daidai inda ƙasar noma ta ƙare ƙasar kiwo ta fara. Tun 1955, zamanin Turawan Faransa, aka keɓe shi, faɗinsa hekta 76,000. Wani ma'aikacin gandun daji da ya shiga motarmu don ya nuna mana hanya ya ce asali an keɓe wurin ne saboda mariri, wato wata farar dabba mai kamar ɗan maraƙi, mai dogayen ƙahoni da suka lanƙwasa baya kamar takobi, da kuma barewa da jimina. Na ce to ina maririn? Ya ce, "Hajiya, ai mariri ya ƙare. Ba a nan kaɗai ba, a dajin duniya gaba ɗaya. A shekarar 2000 masana suka sanar babu sauran ko ɗaya da ke yawo a daji, sai na gidajen ajiye dabbobi." Uwar mijina da ke gaba ta juyo ta dube shi, ta ce da tana yarinya in garkensu ya taso sai ka ce an shanya fararen zannuwa a daji. Wannan ce doguwar magana ta farko da na ji ta yi tun da muka baro gida.

To amma mun taki sa'a. Wata biyu kafin zuwanmu, a Nuwamban 2018, an kawo raƙuman dawa takwas Gadabeji. Daga Kure aka ɗauko su, kusa da Yamai, aka yi tafiyar fiye da kilomita 800 da su a tsaye cikin manyan motoci. Irinsu na Afirka ta Yamma ne, sun fi na sauran ƙasashe hasken fata, kuma a duniya Nijar kaɗai suka rage. A 1996 an ƙirga su aka tarar saura 49 kacal. Da aka hana farautarsu, mutanen ƙauyukan Kure kuma suka haƙura da ɓarnar wake da suke yi musu, sai ga shi sun haura 600. Shi ne aka ce kada a tara ƙwai a kwando ɗaya, a raba wasu zuwa Gadabeji inda rabon da a ga raƙumin dawa kusan shekara 50 ke nan.

Sai da muka yi yawo har rana ta karkata sannan ma'aikacin ya ce a kashe mota. Ni ban ga komai ba sai itatuwa. Can sai na ga reshe ɗaya ya motsa, ashe wuya ne. Su uku ne, suna tsinkar ganyen ƙaya da dogon harshe a hankali, kamar matan da ke tsince shinkafa. Wallahi 'yar uwa, na sha ganin hotonsa a littafin makaranta, amma gani ya kori ji. Ga tsawo har ya wuce soron gidanmu, ga gashin ido zara-zara kamar an sa masa kwalli, ga tafiya ta yanga, ƙafafun gefe ɗaya su tafi tare sannan na ɗaya gefen su biyo. Ummi ta riƙe hannuna tana rawar jiki. Ni kaina na manta fushi nake yi.

Hajiya kuwa kallo ɗaya ta yi musu ta kau da kai. Ta shiga tambayar ma'aikacin wata tsohuwar rijiya, tana kwatanta masa tudu da kwari. Da ƙyar ya gane, ya kai mu bakin gandun. Rijiyar tana nan, Fulani na shayar da shanu, jaki na jan guga da igiya mai tsawon da sai ya yi nisa kafin gugan ya fito. Hajiya ta sauka ba ta yi wa kowa magana ba, ta yi ta zagaya itatuwan aduwar da ke wurin, ta dafa wannan ta wuce, ta dafa wancan ta wuce. Daga ƙarshe ta durƙusa a gindin wata, ta daɗe, ta ɗebi ƙasa cikin tafin hannu ta ƙulle a bakin mayafinta. Ni ina mota ina tsaki, ƙarangiya ta cika mini zani, ina cewa tsufa dai masifa ne.

Daga nan muka ratsa daji har muka hau kwaltar da ta taso daga Tawa, a Abalak. Kwalta ce a suna, domin a wurare da yawa ta mutu, direbobi sun gwammace su sauka gefe su bi rairayi. Tun ina ƙirga garuruwa har na daina, don babu su. Sai fili fetal iyakar ganinki, sai guguwa ta taso ta yi rawa ta faɗi, sai wani mutum a kan raƙumi ya ɓullo daga inda ba kowa ya nufi inda ba kowa. Na tambayi maigidan me mutanen nan suke ci, me suke sha? Ya ce in tambayi Hajiya. Ban tambaye ta ba.

Agadas ta ba ni mamaki. Gari ne ja, na jar ƙasa, ga hasumiyar babban masallaci ta laka mai tsawon mita 27, itatuwa sun tsattsargo daga jikinta kamar ƙayar bushiya. An fara gina ta wajen 1515, aka sake ta a 1844, kuma a 2013 aka sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Abin da ya fi daɗaɗa mini rai shi ne duk inda na shiga Hausa ake yi. A kasuwa na ga turkuɗin Kura a kan mazaje, na ga kantun gishirin Bilma da ayari ke kawowa, irin wanda kakata ke saya wa tumakinta. Sai a ranar na gane dalilin da ya sa muke da unguwar Agadasawa a cikin birnin Kano. Ashe hanyar nan da nake ganin ƙarshen duniya ce, kakanninmu sun mai da ita kamar zuwa Kurmi.

Kwana biyu muka huta, aka samo mana ja-gaba, wani dattijo ɗan ƙasar, domin daga Agadas zuwa duwatsun Abzin ba a tafiya da ka. Muka haɗu da wata motar 'yan kasuwa da za ta Iferwan muka bi bayanta. A hanyar Arlit ja-gaban ya sa aka ratse da mu wani wuri da ake kira Dabus. A kan wani faffaɗan dutse, a tsakiyar ƙasar da ko ciyawa babu, sai ga zanen raƙuman dawa biyu an sassaƙa, babban ya fi mita 5, an fitar da kowane ɗigo na fatarsa. Masana sun ƙiyasta ya kai shekara 6,000 ko fiye. Ja-gaban ya ce lokacin nan wurin duk tafkuna ne da ciyawa. Ummi ta ce, "To Baba ina ruwan ya tafi?" Ba wanda ya ba ta amsa.

Tsayawar nan ce ta sa motar 'yan kasuwa ta yi mana nisa. Bayan mun bar kwalta mun shiga duwatsu, wajen la'asar, motarmu ta kafe a rairayin wani busasshen rafi. Direba ya yi ta ba ta wuta, tana ƙara nutsewa, har inji ya yi zafi wata roba ta fashe, ruwan lagireto ya tsiyaye ƙasa. Ba sabis a waya, ba gida, ba kowa.

Maza suna can suna haƙa, ni kuwa na dubi ƙafafuna sun yi furu-furu, kaushi ya tsage har yana jini. Na ɗauki buta na cika ta daga jarka, na koma bayan mota na sami sabulu na fara wanke ƙafa. Ban ankara ba sai na ji an fizge butar da ƙarfin da ban san tsohuwa na da shi ba. Hajiya ce, idanunta sun yi ja, jikinta na kyarma. Abin da na tara shekara 14 ya taso mini, na miƙe na ce, "Haba Hajiya! A gida kun hana ni sakat, a dajin Allah ma ba za ku bar ni in huta ba? Ruwan nan gadon wani ne?" Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

Ba ta tanka ba. Maigidan ne ya zagayo, bai ce mini komai ba, ya ɗago jarka ta biyu ya girgiza a gabana. Wayam. Ashe gargadar hanya ta huda ta tun safe, ruwan ya zube ba wanda ya sani. Ta farko mun shanye tun jiya. Wadda na ɗiba a ciki ita ce ta ƙarshe, ba ta kai rabi ba, ga mu mu shida, ga mota ita ma tana jiran nata. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga wannan lokaci Hajiya ta karɓi ragamar tafiyar, har ja-gaban sai da ya sallama mata. Ta sa aka ɗaura bargo a jikin mota aka yi inuwa. Ta hana cin kilishi da dambu saboda gishiri. Ta ce kowa ya rufe baki da hanci da mayafi, a rage magana, haƙa kuma a bari sai rana ta faɗi. Ta ɗauko ɗan ƙaramin kofin shayi, shi ne ma'auni, kowa ɗaya, a riƙe a baki kafin a haɗiye. Salla kuwa taimama muka yi. Na lura da aka zo kanta sai ta kai kofin baki ta sauke, ta faki ido ta miƙa wa Ummi.

Da dare ya yi sai sanyi ya sauko, irin wanda ban taɓa ji ba ko a tsakiyar hunturun Kano, har haƙora na haɗuwa. Taurari kuwa kamar ki miƙa hannu ki tsinko. Ummi ta yi barci a tsakaninmu. Ina kwance ina kukan zuci sai na ji Hajiya ta jawo bargonta ta rufa mini. Na ce, "Hajiya ku yafe mini." Ta yi shiru har na zaci ta yi barci. Can sai ta fara magana, a hankali, ba ni take kallo ba.

Ta ce shekarar da aka yi babban fari, 1973, tana amarya da 'yarta ta fari a baya, ba ta cika shekara biyu ba. Damina ta zo ta wuce ba ɗigo. Awaki suka fara mutuwa, sannan raƙuma. Suka ci anza, suka ci 'ya'yan ƙarangiya, har gidan tururuwa suka haƙa suna neman ƙwayar hatsi. Da abin ya ƙi, mijinta ya ce su yi kudu. Suka yi watanni suna tafiya a ƙasa, daga rijiya zuwa rijiya, wata a sami ruwa wata a sami laka. Nononta ya ƙafe. Ranar da suka iso rijiyar nan ta Gadabeji kwanansu biyu ba su sha ba, salkarsu ta bushe kamar kirgi. Ta leƙa ta hango ruwa yana ƙyalli can ƙasa, amma ba guga, ba igiya, tasu sun sayar sun ci abinci, kuma ba kowa a wurin. Mijin ya yayyaga rawaninsa ya ƙulla da zaninta, bai kai ko rabi ba. Ta kwana a bakin rijiya tana jin ƙanshin ruwa, yarinya na kuka, har kukan ya koma shessheƙa, har ya tsaya.

Ta ce, "Da gari ya waye sai ga wata Bafulatana da jakinta. Ta ba mu ruwa cikin buta ɗaya. Da shi muka yi mata wanka."

Ta ce a gindin aduwa suka binne ta, amma yanzu itatuwan sun yi yawa, ba ta tabbatar ko wadda ta durƙusa a gindinta ita ce ba. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko ɗanta abin da ya sani kawai shi ne an yi wata kafin shi. Kin san 'yar fari, ko tana raye uwa ba ta kama sunanta, balle ta tafi. Sannan ta ce, "Ɗiyata, ni ba ƙin ki nake yi ba. In na ji ruwa na zuba a ƙasa, kukan nan nake ji." Shekara 14, ranar ce ta fara ce mini ɗiyata.

Ban runtsa ba. Da asuba, gari ya fara haske, ta taɓa ni ta nuna mini bakin rafin da haɓa. Barewa ce guda huɗu, 'yan ƙanana masu launin rairayi, suna tsinkar ganyen ƙaya da raɓa ta jiƙa. Ja-gaban ya raɗa mana cewa irin wannan barewa tana iya daɗewa ƙwarai ba ta sa baki a ruwa ba, ɗanyen ganye ya ishe ta. Ya ce akwai wanda ya fi ta, shi ne warwaji, fari mai murɗaɗɗen ƙaho da faffaɗan kofato na taka rairayi, wanda ke rayuwa a tsakiyar Tenere inda ko raƙumi ke tsoro. Saboda shi aka ware wani yanki na musamman a cikin gandun Abzin da Tenere, wanda aka kafa a 1988, mai faɗin fiye da hekta miliyan 7. Amma ya ce rabonsa da ganin warwaji tun yana saurayi. Ƙishirwa ba ta kashe shi ba, mota da bindiga ne suka gama da shi, domin dabba ce da ba ta da dogon gudu, in an bi ta da mota sai ta faɗi. A 2016 da aka yi bincike ta sama da ta ƙasa a yankin Tarmit, inda suka fi yawa, uku kawai aka gani.

Hantsi ya ɗaga sai muka ji ƙugin mota. 'Yan kasuwan nan ne, da suka isa ba su gan mu ba suka juyo neman mu, don haka al'adar hanyar take, ba a barin na baya. Suka ɗaure robar, suka ba mu ruwa, suka ja mu. Da aka miƙo mini kwano na sha, sai na ga saura kaɗan a gindi. Na rasa inda zan zuba shi. Na juye a butar Hajiya.

A Iferwan muka ga lambuna kore shar a tsakiyar duwatsu, raƙumi na jan ruwa daga rijiya ana ban ruwan alkama da albasa da dabino. Hajiya ta ce a kai ta ta ga jimina. Ta ce da, mahaifinta kan tsinto ƙwanta a daji, ɗaya ya ishi gida, don ya kai ƙwan kaza 20, ɓawon kuma su yi ado da shi. Aka ce mata ai jiminun Abzin an harbe su a shekarun tawaye na 1990 zuwa 1995, ba sauran na daji, sai 'yan kaɗan da ake kiwo a killace don kada iri ya ɓace. Muka je. Wani namiji mai jan wuya ya taho bakin waya yana kallonmu. Hajiya ta daɗe tana kallonsa, ta yi masa magana da harshensu, ta yi 'yar dariya. Na tambaye ta me ta ce, ta ce, "Cewa na yi, ni da kai duk 'yan nan ne, duk kuma a ɗaki muka tsufa."

Kwarin da aka haife ta yana gaba kaɗan. Ba ta sami kowa nata ba sai wata tsohuwa da suka yi wasan ƙasa tare, suka rungume juna suna kuka, aka dama mana tukuɗi da cuku da dabino. Da yamma Hajiya ta kama hannuna, ba na ɗanta ba, muka taka zuwa inda bukkarsu take a da. Ta kwance bakin mayafinta ta zazzage ƙasar nan ta Gadabeji a wurin. Ta ce, "Na dawo da ke gida." Muka juyo.

Mun komo ta Tanut da Damagaram, muka shigo ta Daura, kwana 16 cif. Da muka huta maigidan ya ce, "To Maman Ummi, alkawari kaya ne, a wace unguwa kike son hayar?" Na ce masa in ya ƙara tayar da maganar nan ni da shi ne.

Ba zan yi miki ƙarya in ce daga ranar ba mu ƙara saɓawa ba, harshe da haƙori ma suna yi. Amma ban ƙara jiran ta zo ta murɗe famfo ba. Shekara biyu muka ƙara tare, a 2021 Allah ya karɓi abarsa, a kan cinyata, ni na ba ta ruwan ƙarshe da cokali. Butarta tana ɗakina har yau. Yanzu ni ce yara ke yi wa tsiya suna kira Sarkin Ruwa, ina jin su, ba na cewa komai.

Tun daga lokacin nake bin labarin dabbobin nan kamar dangina. A 2022 an ƙara kai raƙuman dawa huɗu Gadabeji, kuma sun fara haihuwa a can. Maririn da aka ce ya ƙare, tun 2016 aka fara dawo da shi wani gandu a ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata a Abu Dabi, ya hayayyafa har a ƙarshen 2023 aka cire shi daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Na so a ce Hajiya ta ji wannan. Hanyar kuwa ba kamar yadda muka bi ta take ba. A Agustan 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a Kure, wurin raƙuman dawan, sannan bayan juyin mulkin 2023 an rufe iyaka wata da watanni. Duk mai niyyar zuwa sai ya yi tambaya sosai tukuna.

Roƙona gare ku biyu ne. Na farko, mu mata mu ne ke sha'awar a ce gidan wance akwai barewa a tsakar gida, ko a kawo mana ƙwan jimina mu ajiye a kan kabet. Ki sani kafin 'yar barewa ɗaya ta iso gidanki da rai, sau da yawa an kashe uwarta, wasu kuma sun mutu a buhu a hanya. In maigida ya ce zai sayo, ki ce ya sayo miki tunkiya.

Na biyu, in akwai tsohuwa a gidanku mai wani hali da ya ishe ki, ko ɓoye ƙanzo, ko ƙulle tsumma, ko hana yara fita da magariba, kafin ki kai ƙararta wajen ƙawaye ki dafa mata shayi wata rana, ki zauna kusa da ita, ki tambaye ta yadda aka yi. Wataƙila ba za ta faɗa ranar farko ba, ki sake komawa. Ni sai da na yi tafiyar kwana da kwanaki na kwana a rairayi sannan na ji abin da yake ɗaki ɗaya da nawa shekara 14. Ke ba sai kin je Abzin ba.